Tankuna Masu Ƙugu

A wani garejin tireloli laifi ɗaya ne kawai direba zai yi a ƙi yafe masa, shi ne ya zubar da kaya a hanya. Ka makara da kaya, za a yi maka faɗa a manta. Ka goge katangar mutane da gindin tirela, abokan aiki za su rantse katangar ce ta fito da yawa. Amma ranar da ɗauri ya saki kaya suka watse a kan titi, to ka gama yawo, har jikokinka sai an ba su labari. Ba abin mamaki ba ne, don tirelolin garejin duk masu shimfiɗaɗɗen baya ne, ba bango ba rufi. Ba abin da ke riƙe kaya a kansu sai bel da sarƙa da addu'ar direba.

Mai neman hujja ya duba bencin da ke bakin ofis. Kullum akwai wani dattijon direba a zaune a ƙarshensa, wanda ya taɓa zubar da bututun ƙarfe a wata gangara tun gashin kansa yana baƙi. Ba wanda ya ji rauni, bututun ma an tsince su kaf, amma daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Zubau. Ko daga gidansa aka aiko nemansa, Zubau ake tambaya.

Shi kuwa namu, Na-Gefe ake ce masa, kuma sunan bai yi masa ƙarya ba. Shekaru ya kwashe a kujerar gefen direba, kusa da yayan mahaifiyarsa, wanda duk garejin har Manaja suke kira Kawu. Lasisin tuƙi ya daɗe a aljihun Na-Gefe har ya tsufa aka sabunta shi. Ya iya ja da baya da tirela cikin lungun da mai keke ma sai ya yi shawara. Ya iya jefa bel ya tsallake tulin kaya ya sauka daidai a ɗaya gefen. Kan doguwar hanya ma Kawu yakan ba shi sitiyari in barci ya dame shi, ya haye gadon da ke bayan kujera ya kwanta. Amma duk lokacin da aka tayar da maganar a ba shi mota shi kaɗai, sai Kawu ya sosa gemu ya ce, "Da saura." Bai taɓa faɗin abin da ya saura ba.

Abin bai fara cin ran Na-Gefe sosai ba sai ranar da 'yarsa ta dawo daga makaranta ta ce malama ta tambayi kowa aikin babansa.

"Ke me kika ce?"

"Na ce kana raka Kaka unguwa a babbar mota."

Matarsa ta fashe da dariya, ta ga fuskarsa, ta haɗiye sauran ta shige kicin. Tun daga ranar, duk safiya in ya buɗe ƙofar gefe zai hau, sai ya ji maganar yarinyar a kunnensa.

Sa'arsa ta zo ne ta hanyar rashin lafiyar wasu. Direbobi biyu suka kwanta zazzaɓi, matar na uku ta haihu, ga masu kaya suna ta buga waya. Manaja, wanda bai taɓa tuƙa abin da ya fi kujerar ofishinsa mai taya ba, ya leƙo ta taga ya ƙare wa gareji kallo. Bai ga kowa a tsaye ba sai Na-Gefe yana naɗe tamfol.

"Kai, zo nan. Tankunan ruwa ne na roba, za ka ɗauka a masana'anta ka kai wurin wani gini. Ba nauyi, ba tsatsa, ba fashewa. Ko akuya aka ɗora a sitiyari za ta kai su." Ya zaro makullin wata tsohuwar tirela daga jikin ƙusa ya riƙe shi a sama. "Ka kai su lafiya, makullin nan ya zama naka. Ka yi mini shirme, ka koma gefe har ka yi furfura."

Kawu ya matso a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da shi ba mu taɓa ɗaukar roba ba. Rodi muka sani, da siminti, da katako."

"Haba Kawu! Wanda ya ɗaure rodi ne roba za ta gagara?"

Kawu ya ce, "To." Ya juya wurin ɗan 'yar'uwarsa. "In wani abu ya shige maka duhu, ka kira ni."

Na-Gefe ya ce to shi ma, amma a ransa ya riga ya rantse ko tayoyin motar za su fice gaba ɗaya ba zai kira ba.

Da safe kafin ya tashi sai da bencin bakin ofis ya yi masa wanka da shawara. Wannan ya ce kada ya cika ciki da rana. Wancan ya ce kada ya ɗauki kowa a hanya, ko da ya yi kama da surukinsa. Wani ya ce abu mafi muhimmanci, kada ya saurari mutanen bakin titi, don kowannensu injiniya ne matuƙar ba motarsa ba ce. Zubau bai yi magana ba sai da kowa ya gama, sannan ya kama wuyan hannun Na-Gefe ya riƙe gam.

"Ɗana, ni za ka kalla. Da na ƙara ja ɗaya tak ranar nan, da yau da sunana ake kirana. In ka matse, ka ƙara matsewa. In zuciyarka ta ce maka ya yi, ƙarya take yi."

Na-Gefe ya yi godiya, ya gyara wuyan riga, ya taka zuwa motarsa da takun manyan direbobi. Ya buɗe ƙofa ya hau ya zauna, ya miƙe ƙafa. Sai da ya ji benci ya kaure da dariya sannan ya lura sitiyarin yana can ɗaya gefen. Ya yi ta goge gilas da hannun riga kamar abin da ya kawo shi ke nan, sannan ya sulale ta ciki ya koma mazaunin direba.

A masana'anta motar ɗaga kaya ta jera masa tankunan a kwance, manya baƙaƙe, kowanne mutum zai iya shimfiɗa katifa a cikinsa. Aka sa musu katako a gindi don kada su gangara. Mai motar ɗaga kayan ya ɗaga masa hannu ya ce, "Direba, ɗauri naka ne," ya yi gaba. Kalmar nan ta direba ta yi wa Na-Gefe daɗi har cikin ƙashi.

Ya jefa bel a kan tsakiyar kowane tanki, ya zagaya ya maƙala ƙugiya, ya zura bakin bel ɗin a ƙarfen matsewa da ke gefen tirela. Wannan aikin ya fi sanin sa da komai a duniya. Ka ja hannun ƙarfen, ya yi ƙat, bel ya ƙara shiga jikin kaya. Ka sake ja, ya sake yin ƙat. Ya ja, ya ja, kunnensa a buɗe yana jira. Ya ɗan jima yana ja kafin ya gane abin da yake jira.

Duk shekarun nan, shi ne mai ja. Kawu kuma yakan tsaya a bayansa, ya daki bel ɗin da tafin hannu, wani lokaci ya dafa kayan, sannan ya ce, "Ya isa." Da an ce ya isa Na-Gefe zai saki ƙarfe ya wuce na gaba. Bai taɓa tambayar yadda aka yi ya isa ba, kuma hannun Kawu bai taɓa kallo ba, bakinsa yake kallo. Yau ya waiwaya, ba kowa a bayansa sai injin masana'anta yana ruri.

Da rodi ne da sauƙi, don in ka kai iyaka ƙarfen da kansa zai ƙi jawuwa. Roba kuwa ba ta da musu. In ka ja sai ta ba ka, in ka ƙara ta ƙara ba ka. Ya tsaya a inda yake ganin ya yi, sai ya tuna an ce zuciyarsa maƙaryaciya ce. Ya bi kowane bel ya ƙara masa.

Hanya ta ɗauke shi. Farkon tafiyar ya ji kamar shi ya gina titin. Ya kunna rediyo a tashar da yake so, wadda Kawu yake cewa hayaniya ce, ya jingina gwiwar hannu a taga. Amma bai yi nisa ba ya ga ashe gidan gaban tirela yana da faɗi haka. Ya ga wata ƙaramar mota ta yi wauta, ya juya zai ce, "Kawu, ka ga wannan?" sai ya ga kujera. A babbar mahaɗa ya wuce kwanar da ya kamata ya bi, don da can Kawu ne ke nuna ta da haɓa, sai da ya yi zagaye mai tsawo ya dawo. Da ya tsaya sayen ruwa, gora biyu ya saya, bai ankara ba sai da ya hau mota yana neman wanda zai miƙa wa ɗaya.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne madubi. Rodi in an ɗaure shi kwanciya yake yi kamar gawa. Tankunan nan kuwa ba su da nauyi, duk motar da ta wuce iskarta sai ta sa sun ɗan girgiza. Duk girgizar da suka yi sai ya ga kansa a ƙarshen benci kusa da Zubau.

Akwai dokar Kawu da ya haddace: in ka ɗan yi tafiya ka tsaya ka duba ɗauri, don kaya sukan zauna, bel ya yi sako-sako. Ya sami fili a gefen titi ya tsaya. Ya taɓa bel na farko. Ya saki! Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ya ce, "Allah ya saka maka da alheri, Baba Zubau," ya kama ƙarfe ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sai da kowanne ya yi tauri kamar waya.

Abin da ke faruwa ba wani asiri ba ne. Baƙar roba ce a kwance cikin rana, tana shan zafi tana laushi. Bel ya nutse a jikinta, sai ya yi sako-sako. Na-Gefe ya zo ya matse, bel ya ƙara nutsewa. Da ya ja da baya ya tsaya a tsallaken titi ya kalli motarsa, da ya gani. Amma shi a gindin tirela yake tsayawa, hancinsa kusa da ƙarfe, idonsa a kan bel. Bel aka ce ya duba, kuma bel yake dubawa.

Haka ya yi ta yi. Ya yi tafiya kaɗan, madubi ya tsorata shi, ya tsaya, ya tarar ɗauri ya saki, ya matse, ya yaba wa kansa. Har tausayin sauran direbobi ya fara ji, waɗanda suke wuce shi a guje ba su san irin haɗarin da ke bayansu ba. Matarsa ta kira shi tana tsokana, "Direba, ya hanya?" Ya ce mata aikin nan ba na kowa ba ne, da wani aka ba wa kayan nan da tuni suna cikin gonar mutane.

Bayan rana ta take tsaka ya tsaya gaban rumfar wani mai faci. Mutumin yana zaune a kan tsohuwar taya, ya bar tiyub ɗin da ke hannunsa ya zuba wa motar ido.

"Sannu direba. Sabon yayi ne aka fito da shi?"

"Na me?"

"Tankunan. Na ga suna da ƙugu."

Na-Gefe ya tuna an gargaɗe shi kan injiniyoyin bakin titi. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Malam, ka ji da facinka, mu ji da kayanmu." Don ma mutumin ya san da gwani yake magana, ya ƙara wa bel ɗin da ke gabansa ja biyu masu kyau. Wani abu ya yi ƙara a can sama, ƙaramar ƙara kamar an taka busasshen kara. Ya ce katako ne.

Yana hawa mota wayarsa ta yi ruri. Kawu ne. Ya zuba wa sunan ido har ta gaji ta yanke. Ya ce a ransa direba na ƙwarai ba ya ɗaga waya a kan hanya, ko da yake a lokacin ko injin bai tayar ba.

Da yamma ya iso wurin ginin, jerin gidaje masu bene da ba a gama ba. Ƙofar shiga matsattsiya ce, ga tulin yashi a gefe, ga rami a ɗaya gefen. Ya juya tirela ya shigar da ita da baya ba tare da ya taɓa ko ƙwayar yashi ba, har leburori suka tafa masa. Ya sauko yana jin ina ma Kawu yana nan, ina ma 'yarsa tana nan da malamarta.

Mai kula da sito wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta fito ta nufo motar, sai ta tsaya. Maimakon ta matso, sai ta yi ta ja da baya har ta kai jikin katanga. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Na-Gefe ya ce, "Ranki ya daɗe, ga kayanku. Ko ɗaya bai motsa ba."

"Na gani. Ko numfashi ba ka bar su sun yi ba. Zo nan, ɗana. Zo ka tsaya inda nake."

Ya je ya tsaya kusa da ita, ya juyo. Tun safe sai yanzu ya ga motarsa gaba ɗaya. Kowane tanki ya kumbura ta kai da ta gindi, tsakiyarsa ta shige ciki, kamar ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu. A jere suke, duk iri ɗaya, don Na-Gefe mutum ne mai adalci, bai fifita wani bel a kan wani ba.

"Za su koma," in ji shi. "Roba ce. In na kwance za su koma."

Ya ruga ya kwance bel ɗin duka. Kowa ya tsaya yana kallo, leburori da magina har da mai gadi. Tankuna suka yi zamansu yadda suke. Mai aikin famfo ya hau tirela ya bi su yana shafawa. A jikin wasu ya nuna farin layi inda robar ta gaji, a jikin ɗaya kuma ya zura ɗan yatsa cikin tsaga.

"Waɗannan in aka ɗora su a kan bene aka cika da ruwa, masu gidan ƙasa ne za su yi wanka," in ji shi.

Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya koma da su, ba za ta karɓa ba. Ta sa aka kawo masa ruwa mai sanyi, ta tsaya har ya sha.

"Yau ka fara?"

"Na yi shekaru a mota, ranki ya daɗe."

"Ba shi na tambaye ka ba. Kai kaɗai nake nufi."

Ya sunkuyar da kai. Kunya ce irin wadda bai taɓa ji ba, don duk kuskuren da ya taɓa yi a baya akwai wanda suke rabawa.

Nan ya kwana a cikin mota, gari na wayewa ya mayar da bel ya kamo hanya. Kowane bel ya faɗa cikin ramin da ya haƙa wa kansa ya zauna daram. Har ya iso gareji ba wanda ya saki.

Labari ya riga shi zuwa. Bencin bakin ofis ya cika, har masu zazzaɓin nan biyu sun warke sun zo. Aka zagaye motar ana kallo. Nan take gardama ta tashi kan ko wannan laifi ne a dokar gareji, tunda dai ba abin da ya faɗi. Wani ya ce a tarihin wurin ba a taɓa ɗauri mai kyau kamar wannan ba, kayan ne dai ba su da ƙwari. Wani ya ce a kai su wurin masu ɗinki a yi musu zane.

Zubau kuwa sai da ya zagaya tirelar a hankali yana shafa ƙugun tankuna, hawaye na bin kuncinsa don dariya. Shekara da shekaru yana jiran wanda zai taya shi ɗaukar kaya, yau Allah ya kawo. Ya dafa kafaɗar Na-Gefe ya ce, "Sannu da zuwa, Matsau." Sunan ya kama nan take. Zubau ya koma benci ya matsa gefe, ya daki wurin da ya bari da hannu.

Manaja ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Na-Gefe bai sami abin cewa ba sai, "Ranka ya daɗe, ba abin da ya faɗi."

"Da ma sun faɗi! Da sun faɗi da an tsince su an wanke!" Ya miƙa hannu. Na-Gefe ya ɗora masa makullin, ya bi shi da ido har ya koma jikin ƙusa. "Gobe kawunka zai kai musu wasu. Kai kuma ka koma kujerarka."

Duk wannan abin Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Sai da mutane suka watse ya zo ya sa tafin hannu cikin ramin da bel ya yi.

"Na kira ka."

"Na gani, Kawu."

"Ba ka ji lokacin da ta fara ba da kai ba? Hannunka bai gaya maka ba?"

"Me zai gaya mini, Kawu?" Bai yi niyyar ɗaga murya ba, amma ta ɗagu. "Ni ja nake yi. Kai kake cewa ya isa."

Kawu ya sake shafa ramin. Ya daɗe a tsaye hannunsa a jikin tankin. Daga baya ya ce su haɗu da sassafe, ya tafi.

A gida 'yarsa ta tare shi a bakin ƙofa tana tsalle. "Baba, kai ka tuƙa? Kai kaɗai?" Ya ce shi ya tuƙa. Ta ce gobe za ta gaya wa malama. Ya rasa yadda zai ce mata ta dakata, sai ya shafa kanta ya wuce ɗaki. Matarsa ta ajiye masa abinci ba ta tambaye shi komai ba, ya san ita ma labarin ya iso ta.

Washegari a masana'anta aka jera sababbin tankuna a kan tirelar Kawu. Mai motar ɗaga kaya ya ga Na-Gefe ya yi murmushi, wannan karon bai ce masa direba ba. Na-Gefe ya jefa bel, ya maƙala ƙugiya, ya kama ƙarfe. Kawu yana bayansa kamar kullum. Ya ja, ƙat. Ya ja, ƙat. Kafaɗunsa suka saki, don ko ba komai yau akwai mai faɗa. Ya ƙara ja. Shiru. Ya waiwaya.

Kawu ya goya hannu a baya yana kallon rufin masana'anta kamar an ba shi kwangilar gyara shi. Leɓɓansa a dantse suke, gemunsa yana ɗan rawa. Kowa ya gan shi ya san maganar tana bakinsa, da ƙyar yake riƙe ta.

"Kawu, ya isa?"

"Ni yau fasinja ne."

"Kawu, don Allah. In na sake ɓata waɗannan korata za a yi."

"Da ni za a kora, tunda motata ce. Yi aikinka."

Na-Gefe ya tsaya da ƙarfe a hannu, gumi yana bin bayansa. Ya ji haushin Kawu, ya kuma ji tsoro. Da ya ga ba mai cetonsa, sai ya saki ƙarfen ya ɗora tafin hannu a jikin tanki, daidai gefen bel. Da ɗaya hannun ya ja a hankali. Ƙat. Robar tana nan da taurinta. Ya sake ja, sai ya ji ta ɗan motsa ƙarƙashin tafinsa, kaɗan ƙwarai, wanda ido ba zai gani ba. Ya sassauta ya mayar da ita baya. Ya daki bel ɗin ya ji yadda ya amsa. Sannan ya taka har tsallaken fili ya juyo ya kalli motar gaba ɗaya.

"Ya isa," in ji shi. Muryar ba ta fito sosai ba, amma Kawu ya ji.

Ya bi sauran haka ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya tsaya yana jiran Kawu ya zagaya ya daki kowane bel yadda ya saba. Kawu bai taɓa ko ɗaya ba. Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tirela, ya nufi ƙofar gefe. Rabonsa da hawa ta nan tun yana saurayi, sai da ya lalubi matakalar da ƙafa kafin ya same ta.

Suka fita kan titi. Ba su yi nisa ba wata babbar mota ta wuce su a guje, tankunan suka girgiza a madubi. Hannun Na-Gefe ya yi ƙaiƙayin kama ƙarfen matsewa. Ya saci kallon gefe. Kawu ya jingina kai ya rufe ido kamar mai barci, amma ƙafarsa ta dama tana ta danna ƙasa inda babu birki. Na-Gefe ya sake duba madubi, ya ga tankunan sun koma sun zauna. Ya sa giya ta gaba.